Nana Asma'u da 'Yan Taru: Yadda Karatu Ya Shiga Har Cikin Ɗaki

   

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin mata, a gidan suna ko gidan biki, wani lokacin ma a cikin wasiƙun da kuke aiko mana. Sai ki ji mace ta ce, "Ni kam ai karatu ya wuce ni. An yi mini aure ina ƙarama, ga 'ya'ya, ga aikin gida, ga shi ba fita nake ba. Kan ma ya riga ya toshe." In kin bincika, sau da yawa za ki tarar ta taɓa gwadawa. Ta je makarantar dare wata ɗaya ko biyu, aka yi ta zuba mata abin da ba ta gane ba, ko aka daka mata tsawa a gaban sa'o'in 'yarta, sai ta naɗe tabarmarta ta dawo gida, ta ɗora wa kanta laifi. To, yau tarihin wata malama na kawo muku, wadda ta yi fama da mata irin waɗannan kusan shekara 200 da suka wuce. Duk wanda ya dubi aikinta zai ga abu ɗaya: in karatu ya ƙi shiga, malami ne ya kamata ya sake dabara, ya kai karatun inda ɗaliba take, da harshen da take ji, gwargwadon abin da za ta iya ɗauka.

Sunanta ba baƙo ba ne a kunnenku. Nana Asma'u ce, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya jiƙansu da rahama. Da yawa cikinmu sunan muka sani, muna ganinsa a ƙofar makarantun 'yan mata, muna kuma raɗa wa 'ya'yanmu. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne yadda take koyarwa, kuma shi ne maganarmu ta yau.

An haife ta a shekarar 1793 a Degel, cikin ƙasar Gobir. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hasan. Bisa al'ada da Usaina za a kira ta, amma Shehu ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sauran matan gidan suka riƙe ta. Gidan kuwa gidan karatu ne ciki da waje. Ba a zaure kaɗai ake buɗe littafi ba, a cikin gida ma matan Shehu da 'ya'yansa mata suna karatu suna karantarwa. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albabi, ya yi wa malaman zamaninsa faɗa mai zafi, waɗanda ke tara almajirai a waje safe da yamma, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu da bayinsu cikin duhu, ba su san ko hukuncin alwala da salla ba. Har wani malami ya taɓa zarginsa saboda yana barin mata su halarci wa'azinsa. Ƙanensa Malam Abdullahi ya mayar da amsa, ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi wancan muni. A wannan gida Nana ta buɗe ido. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi karatun fiƙihu da sauran fannoni, ta iya rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

Kada ki ɗauka ta tashi cikin hutu ne. Tana da shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a 1804, yaƙi ya ɓarke tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir. Shekarun da suka biyo baya na ƙaura ne daga wannan sansani zuwa wancan, ga yunwa, ga ciwo, ga rashe-rashe. A yaƙin Tsuntsuwa kaɗai mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka rasu. Cikin wannan hali aka yi mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. An ci Alƙalawa a 1808, aka kafa Sakkwato a 1809, Shehu ya rasu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi. Nana ta zauna a ɗakin mijinta, ta haifi 'ya'ya maza, ta yi goyo, ta ga mutuwar ɗa. Wato duk abin da ke kanki na aure da raino, ita ma ya hau kanta. A 1820 ta rubuta littafinta Tanbihul Gafilina da Larabci, a kan halayen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sannu a hankali sunanta ya kai nesa, har ta yi musayar rubutu da wani malami da ya zo daga Shingiɗi, can ƙasar Muritaniya ta yau.

Da ƙura ta fara lafawa, sai ga wani aiki ya taso wanda takobi ba ya yin sa. Ƙasa ta faɗaɗa. Akwai matan ƙauyuka da na rugage da ba su taɓa zama gaban malami ba. Akwai kuma mata masu yawa da aka kamo a yaƙe-yaƙe, daga Gobir da sauran wurare, aka shigo da su gidaje a matsayin bayi da ƙwaraƙwarai. Wannan tarihi ne, haka ya faru. Matan nan an raba su da danginsu da garuruwansu, ba su jin Larabci, da yawansu ba su jin Fillanci, kuma abin da suka tashi suka gani a hannun iyayensu shi ne bori. In ciwo ya zo, ko naƙuda ta yi gardama, ko goyo ya ƙi tsayawa, can suke nufa. Su ne kuma za su goyi 'ya'yan gidajen nan, muryarsu ce yaro zai fara ji.

To ki dubi irin ajin da ke gaban Nana. Ɗalibanta a warwatse suke, wasu a kusa, wasu sai an kwana a hanya. Mafi yawansu matan aure ne, masu ciki ko masu goyo, ba halin barin gida. Ba su san baƙi ba balle wasali. Takarda kuwa tsada gare ta, don fatake ne ke ƙetaro Sahara da ita. Da wata ce, sai ta ce mai son karatu ya zo ya same ni, ta ci gaba da karantar da 'ya'yan manya a cikin birni, ba kuwa mai ganin laifinta. Nana ba ta yi haka ba. Cikin shekarun 1830 ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Bari mu bi shi daki-daki, mu ga hankalin da ke ciki.

Abin da ta fara gyarawa shi ne harshe. Littattafan Shehu da Abdullahi da Bello yawancinsu da Larabci suke, waƙoƙin Shehu kuwa da yawansu da Fillanci. Macen da ba ta jin ko ɗaya, duk wannan dukiya a rufe take gare ta. A 1831 Nana ta ɗauki wata waƙar mahaifinta ta Fillanci ta mayar da ita Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa, wadda har yau ake rerawa, mai jan kunnen masu mulki da alƙalai da talakawa a kan zalunci da cin haƙƙin mutane. Ta kuma tsara nata da Hausa, irin su Godaben Gaskiya a 1842 da Sharuɗɗan Ƙiyama a 1860, duk da rubutun ajami. Ki lura fa, macen da ke iya rubuta wa manyan malamai da Larabci ce ta zauna tana neman kalmomin da baiwar da ke daka a tsakar gida za ta gane. Ba ta ga wannan ya rage mata daraja ba. Mu kuwa yau, sai ki ga malama ta shigo aji tana jefo Larabci ko Turanci don a san ta yi nisa, ɗalibai na gyaɗa kai, a tashi ba wadda ta tsinci komai. Wa aka yi wa karatun ke nan?

Sai kuma awo. Ai ba a juye tulu guda a cikin ludayi. Nana ta san ɗalibanta ba su da littafin da za su duba in sun manta, ba su kuma da lokacin zama daga hantsi zuwa azahar. Don haka ta zuba karatun cikin waƙa, baiti-baiti, kowane baiti da ɗan abin da yake ɗauke da shi. Waƙa ba ta buƙatar hannu. Kina niƙa kina yi, kina kaɗi kina yi, kina jijjiga goyo kina yi. Ba ta jiƙewa a ruwa, gara ba ta cin ta, kuma in kin tsallake baiti kunnenki da kansa zai gaya miki an yi ɓari. Ga misali guda da nake so ƙwarai. Alƙur'ani sura 114 ne. Nana ta jera sunayen surorin nan duka a cikin waƙa mai baiti 30 kacal. Ta yi ta da Fillanci a 1829, ta yi ta da Hausa a 1838, ta yi ta da Larabci a 1850. Darasi ɗaya, ta koma kansa sau uku cikin shekara 21, kowane karo don wasu masu saurare daban. Macen da ta riƙe wannan waƙa, ko ba ta kai ga sauka ba, ta san sunan kowace sura, in ta ji ana karatu ba za ta zama baƙuwa ba. Kamar wadda aka gaya wa sunayen garuruwan da ke kan hanya ce tun kafin ta ɗaura kaya. Haka ta yi wa tauhidi, da tsarki, da salla, da azumi, da zakka, da tarihin Annabi. Sannu ba ta hana zuwa.

To, waƙa ta samu, wa zai kai ta? A nan ne dabarar ta fi fitowa. Nana ta duba ta ga akwai mata iri biyu da tafiya ba ta yi musu wuya: dattijai da suka gama haihuwa, da 'yan mata ƙanana da ba a kai ɗaki ba. A kowane gari sai a sami wata dattijuwa mai hankali da amana, wadda mutane suka yarda da ita, Nana ta naɗa ta shugaba. Ana kiranta jaji, sunan da fatake ke kiran mai jan ayari. Jaji ce ke tattaro matan garinsu, ta shige gaba, su taho a ƙasa har gidan Nana a Sakkwato. Can a ɗakinta za su zauna, ta biya musu, ta yi musu bayani, ta amsa tambayoyinsu, ta saurari matsalolin da suka taho da su. In sun riƙe, su koma gida. Daga nan sai aikin ya shiga lungu-lungu. Wadda ta je ta zauna da wadda ba ta je ba, tsohuwa ta biya wa surukarta, yarinya ta biya wa uwarta. Matar da ke cikin ɗaki da ɗanyen goyo, ba ta taka ko'ina ba, amma karatun Nana ya same ta har bakin gado.

Kin ga a wannan makaranta ba a jira sai mace ta ƙure littattafai kafin ta fara koyarwa. Abin da kika riƙe da kyau, shi za ki miƙa wa ta kusa da ke. Kuma duk wadda ta taɓa koya wa wani abu ta sani, ranar da kika biya wa wata, ran nan ne karatun ke zama a kanki. Ba kuma cewa Nana ta yi mace ba ta fita neman sani ba. A wata waƙarta ta wa'azi da Hausa, ta shekarar 1856, ta bayyana cewa fita don neman ilimin addini halal ce ga mace, cikin sutura da kamun kai. Wadda ta sami hali ta fita, wadda ba ta samu ba a kai mata. Ba wadda aka bari a baya.

Akwai wani abu kuma da ya kamata kowace malama ta tsaya ta yi tunani a kansa. In Nana za ta naɗa jaji, sai ta ba ta malfa, a naɗa mata jan rawani a kai. Malfa kuwa, a ƙasar Gobir, alama ce ta Inna, wato macen gidan sarauta da ke shugabantar mata da harkar bori. Duk macen da ta tashi a wannan ƙasa, in ta hango malfa a kan mace, ta san ga babba nan tafe, sai a ba ta wuri a saurara. Nana ta ɗauki wannan alama da mata suka riga suka sani suke girmamawa, ta ɗora ta a kan mai koyar da salla. Ba ta yi sassauci a kan bori ba, ta yi wa'azi a kansa ƙarara. Amma ta san abin da ke kai mata can: ciwo ne, da tsoro, da neman wanda zai saurare su. Shi ya sa a 1839 ta rubuta Tabshirul Ihwani, ta tattaro abin da ya zo na neman waraka da kariya ta hanyar ayoyin Alƙur'ani da addu'o'i, har da abin da ya shafi mai ciki da mai naƙuda. In za ki karɓe wani abu daga hannun mutum, ki tabbata kin riƙo abin da za ki sa masa a madadinsa. In kuwa kika fara da cewa duk abin da uwarta ta koya mata shirme ne, to kin rufe kunnen da kike son shiga.

Haka nan ta san ɗaliba na buƙatar wadda za ta duba ta ce, ashe irina ma ta yi. Wajen 1837, bisa wani littafi da Bello ya rubuta, ta tsara waƙar Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Ta ambaci matan Annabi da 'ya'yansa, ta ambaci bayin Allah irin su Rabi'atul Adawiyya. Sannan ba ta tsaya a Makka da Madina da Basra ba, sai ta gangaro gida, ta sa matan jama'arsu waɗanda aka sani aka zauna da su, kamar Habiba mai karantar da mata, da 'Yar Hindu da ta shahara wajen sasanta mutane. Mai saurare sai ta ga ashe layin nan bai yanke ba, ya biyo har ƙofar gidansu, kuma akwai sauran wuri a cikinsa.

Ta yaya ake gane karatu ya shiga? A makarantar Nana ba takardar shaida ake dubawa ba, hali ake dubawa. 'Yan Taru in za su zo sukan riƙo abin da Allah Ya hore musu, hatsi, ko zuma, ko man shanu, ko ɗan ƙyalle. Nana ba ta tara wa kanta ba, rabar da shi take ga mabuƙata da marasa lafiya, a gaban idonsu. Wannan ma darasi ne, ba a biya shi da baki ba. In sun koma gida, ana sa ran a gan su wajen duba mara lafiya, da taimakon mai haihuwa, da wankan gawar mace yadda shari'a ta ce, da sulhunta masu faɗa. Ki dubi ma waɗanda ta yi wa marsiyya. Ta yi wa Sarkin Musulmi Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo. Amma ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ba don sarauta ko dukiya ba, sai don kirkinta da riƙon zumunci. Ta kuma yi wa wata jajinta mai suna Hawwa'u, ta yaba mata yadda ta yi shekaru tana jawo mata zuwa karatu, ba ta fasa ba ko wane irin yanayi ake ciki. Malamar da ta zauna ta tsara waƙar alhini don ɗalibarta, ai kin san ba kallon taron kawuna take yi musu ba. Ta san su ɗaya-ɗaya.

Bari in gaya muku abin da ya sa wannan tarihi yake taɓa ni. Shekarun baya na koyar a wani ajin matan aure, bayan sallar isha'i. Akwai wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, kullum ita ce ta farkon zuwa. Wata uku muna kan haruffa, ba ta wuce ba. Ran nan na gaji, na ce ta tashi ta karanta, ta kakare, na ce, "Haba Iya, wata uku fa!" 'Yan matan ajin suka kwashe da dariya. Ba ta ce uffan ba. Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka. Da abin ya dame ni na bi ta gida. Na tarar da ita zaune, mata na shigowa da kuɗin adashi, ita ce uwar adashin. Ba takarda, ba alƙalami, amma ta san wadda ta zuba, da wadda ake bi bashin zubi biyu, da wadda kwasarta ke zuwa. Wallahi kunya ta rufe ni. Wannan ce na ce ba ta da kai? Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, "'Yar nan, ni ba allon ne ya kai ni ba. Tahiya nake so in gyara kafin in mutu." Allah sarki. Wata uku tana gabana, ban taɓa tambayarta abin da ya kawo ta ba. Daga ran nan na riƙa biya wa jikarta gaɓa ɗaya, ita kuma ta je ta biya mata da dare. Kafin azumi tahiya ta zauna daram. Daga baya, da kanta ta dawo ta ce a koma kan haruffan. Ban san na bi sawun Nana ba sai da na karanta tarihinta.

Nana Asma'u ta rasu a 1864, tana da shekara 70 da 'yan kai, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbaren Shehu. Aikin bai mutu da ita ba, don tun farko ba a kanta ita kaɗai ta gina shi ba. Ƙanwarta Maryam, wadda ta yi zaman aure a gidan Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ita ta karɓa, bayanta kuma Tamodi ta ɗora. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, mulki ya sake, amma jajoji ba su daina jan ayarinsu ba, don makarantar da ke cikin ƙirjin mata ba ta da ƙofar da za a garƙame. Rubuce-rubucenta kuwa zuriyarta suka adana a unguwar Giɗaɗawa. Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda daga tsatsonta yake, shi ya buɗe wa wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd takardun, ta yi shekaru tana aiki a kansu. A 1997 ita da wata Ba'amurkiya, Beverly Mack, suka buga ayyukan Nana wajen 60 a littafi guda tare da fassara. Ta haka waƙoƙin da aka tsara don matan ƙauye suka shiga jami'o'in duniya.

To 'yar'uwa, me za mu ɗauka mu tafi da shi? In ke malama ce, a Islamiyya ko a boko ko a ajin yaƙi da jahilci, kafin ki ce ɗaliba daƙiƙiya ce, tambayi kanki: da harshen da take ji na yi mata magana? Abin da na ɗora mata, daidai wuyanta ne? Na san abin da ya kawo ta? Na kunyata ta a gaban mutane? In kuma kin ce ke ba malama ba ce, to ki sake dubawa. Yaron da ke dawowa daga makaranta ya buɗe jaka a gabanki, ajinki ne. Yarinyar da kike riƙo, da amaryar da aka kawo gidanku ba ta san hukuncin wankan haila ba tana jin nauyin tambaya, duk ajinki ne. In Fatiha kaɗai kika iya da kyau, akwai wadda ba ta iya ba. Ki biya mata a hankali, ku biyu, ba gori, ba dariya.

Ke kuma da kika ce karatu ya wuce ki, ki tuna dattijai ne Nana ta ɗora wa malfa. Ba ta ce sun tsufa ba, su ta mayar ginshiƙin makarantar. Ki sami wadda ke zuwa makaranta a gidanku ko maƙwabta, ko da 'yar cikinki ce, ki ce kullum ta riƙa kawo miki aya ɗaya, ko harafi ɗaya, ko hukunci ɗaya. Ki maimaita shi kina wanke-wanke. Abu ɗaya a yini, ki lissafa ki ga nawa ne a shekara. Maigida kuma, in kana kusa kana jinmu, mun gaishe ka. Ka tuna faɗan da Shehu ya yi wa masu karantar da na waje su bar na ciki. Ko ka koya mata, ko ka kawo mai koya mata, ko ka bar ta ta je.

Nan za mu dakata a yau. Abin da muka faɗa daidai Allah Ya ba mu ladarsa, inda muka yi kuskure Ya yafe mana. Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da jajojinta, da iyayenmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Wadda ta ji, don Allah ta gaya wa wadda ba ta ji ba.